Tambayar da Ake Binnewa Tare da Yara

Ranar Asabar 19 ga Satumban 2020 wata ƙaramar bas ta ɗauko yara 'yan ƙwallo daga Afrancho za ta mai da su gida Offinso, a yankin Ashanti na Ghana. Rajistar gasar ƙwallon yara suka je. Suna dab da gida motar ta ƙwace wa direba, ta bar titi ta faɗa kogin Offin. Shida suka rasu nan take, biyu suka cika daga baya a asibiti, yara ne 'yan shekara 12 zuwa 16, kuma rahotannin ranar sun nuna fiye da talatin ne a cikin ƙaramar bas guda. Kafin wannan, a watan Fabrairun 2018, ɗaliban wata makarantar sakandare ta Misau a jihar Bauchi sun kama hanyar Kano ziyarar ƙaro ilimi, motarsu ta yi karo da babbar mota kusa da Gaya, aka rasa rayuka fiye da ashirin. Duka biyun an yi kuka, manya sun je ta'aziyya, an ba da gudummawa. Abin da ya rage a bakin jama'a game da musabbabi bai wuce kalma ɗaya ko biyu ba: taya, gudu, ganganci. Ra'ayina shi ne wannan kalma ɗaya ba amsa ba ce, kuma muddin binciken da muke yi bayan irin wannan hatsari yana ƙarewa a kan direba, muna barin duk sauran abubuwan da suka kashe yaran a inda suke, suna jiran mota ta gaba. Hatsarin da ya ci yaran makaranta yana buƙatar bincike na biyu, dabam da na 'yan sanda, wanda aikinsa gano yadda abin ya faru daki-daki, a kuma buga sakamakonsa kowa ya karanta.

Maganar ta shafi Kokomlemle da Nima da Maamobi a birnin Akra kai tsaye, domin yaran waɗannan unguwanni matafiya ne. Ƙarshen zangon karatu ko hutun 6 ga Maris, makarantu kan kai ɗalibai lambun Aburi, ko madatsar ruwa ta Akosombo, ko Cape Coast da Kakum. Makarantun Islamiyya kan kai su musabaƙa, a tafi da su maulidi Kumasi ko Prang, ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa kuma kusan kowane mako suna kan hanya. Duk mai zama a nan ya san yadda safiyar irin wannan tafiya take. Motar takan tsaya bakin titin Nima tun kafin a sallame asuba, iyaye mata na miƙa wake da shinkafa da ruwan leda ta taga, malami na riƙe da littafin da ya rubuta waɗanda suka biya. Kuɗin da aka tara ya ishi mota ɗaya ne, yaran da suka zo kuwa sun kai na mota ɗaya da rabi, sai a ce ai yara ne, a zaunar da huɗu ko biyar a kujerar mutum uku, a sauke kujerun tsakiya masu naɗewa har hanyar wucewa ta toshe, a cusa kular abinci da jarkar ruwa a bakin ƙofar baya. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Malamin ba ya son ya mai da yaron da ya kwana yana ɗokin tafiya, direban kuma a tashar da ke kusa da shataletalen Nkrumah aka samo shi jiya da yamma, aka yi ciniki a tsaye, ba wanda ya tambaye shi daga ina ya dawo ko awa nawa ya yi barci. Galibin irin wannan tafiya ana dawowa lafiya, shi ya sa ba a ganin aibinta. Ranar da ba a dawo lafiya ba, kowane ɗaya daga cikin ƙananan abubuwan nan yana da hannu a yawan gawarwakin da za a ƙirga, amma da wuya ɗayansu ya shiga rahoton da za a rubuta.

Dalili kuwa yana cikin tsarin binciken kansa. Idan hatsari ya ci rai a Ghana, sashen 'yan sanda mai kula da zirga-zirgar motoci, MTTD, shi ke zuwa ya auna wurin, ya zana taswira, ya ɗauki bayanin shaidu, a ja motar zuwa ofis. Jami'in hukumar lasin da rajistar motoci, DVLA, ya duba ta ya rubuta abin da ya gani. A haɗa fayil a aika ofishin Antoni-Janar don shawarar ko a gurfanar da direba, da kuma tuhumar da ta dace a ƙarƙashin dokar hanya ta 2004. Wannan aiki ne mai muhimmanci, kuma ba na raina masu yin sa da ƙarancin kayan aiki. Sai dai tambayar da aka ɗora musu ita ce wa za a tuhuma, kuma tambaya ita ke zaɓen abin da za a nema. Da zarar an sami abin da ya isa a kai direba kotu, ko kuma direban ya mutu a hatsarin babu wanda za a kai, aikin ya zo ƙarshe. Bugu da ƙari, kowa ya san abin da ya faɗa zai iya zama shaida a kansa, don haka mai mota yakan ce kalau ya ba da ita, makaniken da ya taɓa birkin shekaranjiya ya ɓace, malamin da ya ƙara yara goma ya yi shiru. Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba. Hukumar da ta ba direba lasin, ta kuma manna wa motar shaidar lafiya, wadda motocin haya ke sabuntawa duk wata shida, ita ce ake kira ta zo ta faɗi ko motar lafiyayya ce. Ko jami'inta mutumin kirki ne ƙwarai, an sa shi ya yi alƙalanci a kan aikin gidansu, kuma jama'a na da dalilin jin shakka.

Ɗauki maganar da aka fi ji, wai birki ya tsinke. Ita aka yi ta faɗa bayan hatsarin Kintampo na 17 ga Fabrairun 2016, lokacin da bas ɗin Metro Mass ta yi karo da motar tumatir aka rasa fiye da mutum 50. Birki ba ya tsinkewa haka kawai. Motar da ke gangarowa daga Aburi zuwa Ayi Mensah ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta, idan direba ya dogara da taka birki maimakon ya riƙe ta da ƙaramar giya, ƙarfen yakan yi zafi har ya daina kamawa, tsohon man birki kuma ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse babu komai. To a nan laifin na wa? Na wanda ya koya masa tuƙi bai koya masa gangara ba, ko na mai motar da ya ce a lallaɓa sai wata mai zuwa, ko na wanda ya sayar da jabun kaya, ko na wanda ya yi lodin? Mai yiwuwa dukkansu, kuma ana iya ganewa idan an kwance ƙafafun motar an duba tun ba a taɓa su ba. Haka taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Ƙa'idojin hanya na 2012, L.I. 2180, sun hana sa tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, amma tayoyin kwance da aka gama morarsu a Turai su ne a ƙarƙashin yawancin torotoro, wato ƙananan bas na haya. Idan an ce taya ta fashe, sai a tambayi shekarunta, da inda aka saya, da nauyin da ke kanta, da yadda ta wuce gwaji. Ƙa'idojin nan sun kuma hana direban haya tuƙin da ya wuce awa huɗu a jere ba hutu, ko awa takwas cikin yini da dare. A ƙarshen Mayun 2025 motar tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga Ogun ta faɗo daga gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, fiye da mutum ashirin suka rasu, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta ambaci gajiya da gudu bayan tafiyar dare. Gajiyar direba kuwa wani ne ya tsara ta, wanda ya yanke ranar tashi, da yawan direbobi, da ko akwai kuɗin kwana a hanya.

Akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan muhimmanci, wadda binciken neman mai laifi ba ya ko kusantarta: bayan an yi karon, me ya sa suka mutu? Misalin da ya fi fito da wannan a fili ya faru ne a Amurka. Daren 14 ga Mayun 1988, kusa da garin Carrollton a jihar Kentucky, wani mutum a buge ya biyo hannun da ba nasa ba da ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya yi gaba da gaba da tsohuwar bas ɗin makaranta da wata coci ta ɗauko matasanta a ciki. Mutum 67 ne a motar, 27 suka mutu, 24 daga cikinsu yara da matasa. Mai laifi a bayyane yake, an kuma ɗaure shi. Da a nan aka tsaya, da ba wanda zai ce an yi rashin adalci. Amma binciken gawa ya nuna karon kansa bai kashe ko mutum ɗaya a bas ɗin ba, wuta da hayaƙi ne suka kashe su. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta bi diddigi ta gano tankin fetur ya huje, wuta ta tare ƙofar gaba, soson kujeru ya kama da sauri, mutum sittin da wani abu suka rugo ƙofar baya guda ɗaya ta siririyar hanya. Daga nan jihar ta wajabta ƙarin ƙofofi da tagogin tsira a motocin makaranta, da komawa injin dizal, dokar tarayya ma aka ƙara mata ƙarfi. Mashaya ba su ƙare a Amurka ba, amma an rage yiwuwar kuskuren mutum ɗaya ya zama kabarin yara ashirin. Yanzu mai karatu ya dawo da hankalinsa kan motocinmu. Da yawa daga cikin motocin Sprinter da ke jigila a Akra motocin kaya ne aka shigo da su, aka yanka musu taga, aka yi waldar kujerun ƙarfe a gareji, babu bel, wani lokaci ƙofar baya a ɗaure da igiya saboda kaya. A Amoma Nkwanta, kan hanyar Techiman zuwa Kintampo, ranar 22 ga Maris 2019, manyan bas biyu sun yi karo, ɗaya ta kama wuta, mutane da dama suka ƙone har ba a gane su ba, aka yi musu kabari ɗaya. Nawa ne karo ya kashe, nawa ne suka mutu suna neman hanyar fita? Amsar wannan ita ce za ta gaya wa masu ƙera kujeru da masu gwajin mota abin da za su canza.

A Ingila ma haka ta faru a watan Nuwamban 1993, lokacin da ƙaramar bas ɗin wata makarantar Hagley ta afka wa motar gyaran hanya da ke tsaye a gefen babban titin M40 bayan tsakar dare. Ɗalibai 12 da malamarsu suka rasu. Malamar ce ke tuƙi, bayan ta yini tana aiki, yaran kuma na zaune a benci biyu masu fuskantar juna ba bel. Daga 1997 doka ta wajabta bel a motocin da ke jigilar yara a ƙasar.

Kada a ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi, domin Ghana ta iya irin wannan bincike, kuma shaidar tana nan kusa da Nima. Ranar 2 ga Yunin 2012 wani jirgin kaya na kamfanin Allied Air da ya taso daga Legas ya zarce titin sauka a filin jirgin Kotoka cikin ruwan sama, ya fasa shinge, ya haye titi kusa da filin wasa na El-Wak, ya murƙushe torotoro, duk mutum goman da ke ciki suka mutu. An kafa kwamitin masana, an karanta na'urorin naɗar bayanan jirgin, an gano inda ya taɓa ƙasa da shawarar da matuƙin ya yanke ta ci gaba da sauka alhali ba ya gani sosai, an rubuta rahoto da shawarwari. Fasinjojin torotoron nan talakawa ne irin waɗanda ke mutuwa kullum a hanyoyinmu, amma mutuwarsu ta sami cikakken bayani saboda jirgi ne ya buge su. Da tirela ce, da fayil ɗaya za a buɗe a ofishin 'yan sanda. A 2020 majalisa ta kafa hukuma ta musamman don binciken haɗurran jiragen sama. Da jirgi mai saukar ungulu na soja ya faɗi ranar 6 ga Agustan 2025 ya ci mutum takwas, ciki har da ministoci biyu, Edward Omane Boamah da Ibrahim Murtala Muhammed, an kafa kwamiti, cikin 'yan watanni aka karanta wa ƙasa abin da ya gano. Haka ya kamata. To amma alƙaluman hukuma sun ce mutum 2,276 suka mutu a hanyoyin Ghana a 2023, 2,494 kuma a 2024, wato kusan bakwai kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Inda mutuwa ta fi yawa nan ne binciken ya fi rauni.

Mai suka zai ce ai an san dalilan tun tuni, gudu ne da wuce mota ba a ganin gaba da lalatattun hanyoyi, abin da ake buƙata aiwatar da doka ne, ba ƙarin takardu ba. Akwai gaskiya a ciki. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI da ke Kumasi ta daɗe tana tattara alƙaluma daga fayilolin 'yan sanda, kuma an san wuraren da suka fi cin rai. Sai dai sani na jimla ba ya ɗaure kowa. Idan aka ce gudu ke kashe mutane, duk ƙasa ta gyaɗa kai, ba wanda zai tashi gobe da wani aiki a wuyansa. Idan aka ce a wannan gada babu shingen da zai tare mota, an rubuta wa wannan ofishi a wata kaza bai amsa ba, an sami wanda za a tambaya. Mutanen Madina da Adenta da ke gefen Akra sun ɗanɗani wannan. Shekaru aka yi gadojin masu tafiya da ƙafa na babban titinsu suna tsaye ba a ƙarasa ba, kowa ya san ana bankaɗe mutane. Sai ranar 8 ga Nuwamban 2018, da tasi ta kashe wata ɗalibar makarantar sakandare ta West Africa, jama'a suka tare hanya suka ƙona tayoyi, sannan aka dawo da 'yan kwangila aka ƙarasa gadoji shida. A lokacin mazauna na cewa waɗanda titin ya ci a shekarar sun kusa ɗari biyu, hukuma na cewa ba su kai talatin ba, kuma babu wani rubutaccen bincike da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Inda babu rahoton da ake amincewa da shi, hayaƙin taya ne kaɗai ke isa kunnen hukuma, kuma matakin da aka ɗauka cikin fushi yakan zo da gaggawa. Bayan hatsarin Sikilo na Janairun 2023 da ya ci mutum fiye da 40, gwamnatin Senegal ta fito da jerin matakai cikin kwana biyu, har da hana bas tafiyar dare da hana shigo da tsofaffin tayoyi, masu motoci suka yi yajin aiki, aka shiga ja-in-ja. Matakin da ya fito daga hujja rubutacciya ya fi wuyar turewa.

Suka ta biyu daga cikin gida take, kuma ita ta fi cancantar a saurare ta da ladabi. Idan yaro ya rasu, abin da muke faɗa wa iyaye shi ne kwana ya ƙare, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Muna gaggauta sutura, ba ma son a taɓa gawa, kuma uban da ya tashi yana tambaye-tambaye bayan sadakar uku akan ji tsoron kada a ce bai karɓi ƙaddara ba. Na yarda da ƙaddara, kuma ban ga abin da zai riƙe zuciyar uwar da ta rasa ɗa ba in ba ita ba. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa imani da ƙaddara yana ɗauke alhakin sababi ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, kuma bai ɗauki hakan gudun hukuncin Allah ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Nima yana da babi guda a kan kisan kuskure da diyya, yana da bayani a kan lamunin wanda aka ba amana ya yi sakaci. Ba a iya hukunta ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an san yadda abin ya faru. Yaran da aka miƙa wa makaranta amana ne, tambayar yadda amana ta salwanta kuma hakkin mai ita ne. Yafiya ma sai an san abin da ake yafewa take da ma'ana. Game da jana'iza, yawancin abin da bincike ke buƙata a jikin mota yake da kan titi da bakin waɗanda suka tsira, ba ya hana a rufe mamaci a kan lokaci. Abin da ake nema daga likita sau da yawa bai wuce ya rubuta irin raunin da wurin da yaron ke zaune ba kafin a ba da gawa. Wannan abu ne da ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da sarakunan Zango za su iya zama da asibitoci irin su Korle Bu da 37 da Ridge su tsara shi tun babu gawa a gaba, domin ranar makoki ba ranar ciniki da hukuma ba ce.

Wasu kuma za su ji kamar ana neman wanke direba ne. Direban da ya yi ganganci da rayukan yara ya fuskanci kotu, bincike na biyu ba ya hana na farko. Abin da nake ƙi shi ne a mai da shi bango wanda kowa ke fakewa a bayansa. Direban haya yana tashi ne da balas a wuyansa, kuɗin da dole ya kai wa mai mota kowace rana, ko ya samu ko bai samu ba. Idan ya ce taya ta mutu a canza, ana iya karɓe makullin a ba wani. Shi ne mafi rauni a cikin jerin waɗanda suka yanke shawara, shi ne kuma kaɗai ke zaune a kujerar gaba ranar da abin zai faru. Idan aka ɗaure shi aka bar tsarin, mai motar zai gyara ta ko ya sayi wata, ya ɗauki sabon direba a kan sharaɗin da ya karya na farko.

Saura batun kuɗi, da tsoron cewa rahoton zai shiga durowa kamar na kwamitoci da yawa. Ba mai hankalin da zai ce a yi wa haɗurra dubbai irin binciken jirgin sama, ko da yake Suwidin tana zurfafa bincike a kan duk hatsarin da ya ci rai tun 1997. Ana iya farawa da kaɗan: duk hatsarin da yara suka mutu a tafiyar makaranta ko ƙungiya, da duk wanda ya ci mutum biyar zuwa sama. Ƙaramar tawaga ta isa, injiniyan mota da injiniyan hanya da likita da wanda ya san aikin tasha. Dokar 2019 da ta ɗaga hukumar kiyaye haɗurra ta Ghana zuwa NRSA ta ba ta ikon kafa ƙa'idoji da hukunta hukumomin da suka saɓa, amma ita da DVLA duk ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri suke, don haka masu binciken su kasance ba sa karɓar umarni daga ma'aikatar da wataƙila za su ambata. Sharuɗɗa uku ne ke hana rahoto mutuwa. A killace motar da wurin tun awannin farko, domin sawun birki ruwan sama ɗaya ke wanke shi, fasasshiyar taya takan yi ƙafa, motar da ta shekara gaban ofishin 'yan sanda kuwa tsatsa da 'yan gwangwan sun riga mai bincike. Abin da shaida ya faɗa wa wannan tawaga kada ya zama makamin tuhumarsa, don makanike da malami su iya faɗin gaskiya. Sannan a buga rahoton, a wajabta wa duk ofishin da aka ba shawara ya amsa a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, kamar yadda dokar Amurka ta ba ma'aikatar sufurinta kwana 90. Rahoton da ke hannun 'yan jarida da iyaye ba ya ɓata. Gidan rediyon Joy FM a Kokomlemle yake, tafiyar ƙafa ce daga Nima, kuma shawarar da aka yi watsi da ita labari ce duk ranar da aka cika shekara.

Ana kuma tsoron tsauraran ƙa'idoji za su sa makarantun talakawa su daina kai yara ko'ina, yaron Maamobi ya girma bai ga Akosombo ba alhali ɗan masu hali yana zuwa a bas mai sanyi. Wannan tsoro na gaske ne, kuma shi ma hujja ce ta yin bincike, domin bincike ne ke bambance abin da ke ceton rai da abin da tsada kawai yake ƙarawa. Yawancin abin da haɗurran da na ambata suka nuna ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowane yaro da kujerarsa. Kada a toshe ƙofar baya. A dawo kafin magariba, ko a kwana. A bar kwafin sunayen yaran da lambobin iyayensu a makaranta, don kada a kwana ana yawo tsakanin asibitoci. A duba inshorar motar ta waya, abin da ya yiwu tun da hukumar inshora ta buɗe rumbun bayananta a 2020. Wani daga kwamitin iyaye ya durƙusa ya karanta lambobi huɗun da ke gefen taya. Sashen ilimin Islamiyya na hukumar ilimi ta Ghana, da ƙungiyoyin masu makarantu masu zaman kansu, da reshen ƙungiyar direbobi ta GPRTU da ake ɗaukar motar a wurinsa, za su iya mai da waɗannan takarda guda da shugaban makaranta da direba za su sa wa hannu kafin a tashi.

Kafin majalisa ta yi sabuwar doka, akwai ƙofar da take buɗe tun 1960. Dokar binciken musabbabin mutuwa ta waccan shekara ta ɗora wa alƙalin majistare na gunduma ikon bincika duk mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba, ya kira shaidu, ya rubuta abin da ya gano. A aikace yawancin iyalai ba sa saduwa da wannan doka sai wajen neman sa hannu a sako musu gawa. Iyayen da hatsari ɗaya ya haɗa, idan suka tsaya tare da lauya guda da goyon bayan limaminsu, suna iya neman a yi zaman a bainar jama'a, a kira mai motar da wanda ya gwada ta da wanda ya yi hayarta, a kuma nemi kada a saki motar ga mai ita sai masanin da iyayen suka yarda da shi ya duba ta.